Sambol

Farkon watan Afrilun 2025 labarin ya iske mu a ɗakin kwananmu na jami'a a Yamai. Sabon kundin da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki ne. Abokin ɗakina ɗan Maraɗi ya daka tsalle har ya kusa zubar mana da shayi. Ɗayan, ɗan Tilaberi, bai ce uffan ba, ya ja zane ya juya fuskarsa bango. Can sai ɗan Maraɗin ya ce da ni, "Kai mai karatun harsuna, ba ka ce komai ba." Na ce masa ina tunani ne. Ban gaya masa cewa muƙamuƙin wata akuya nake tunani ba.

Ni ɗan Bune ne, cikin gundumar Gure. A gida Mangaranci muke yi da innata da kakata, wato Barbarcin wajenmu. Hausa kuwa a kasuwa na tsince ta, da bakin masu sayen kanwa da dabino da ke shigowa kwarurrukanmu, da kuma rediyo. Kakata har ta rasu ba ta daina ce wa Hausawa Afuno ba, kuma idan na yi mata Hausa sai ta ce in tafi can in yi wa masu ita. Faransanci shi ne na uku, ranar da aka kai ni lakwal na fara jin sa.

A ajinmu akwai wani abu da ake kira sambol. Muƙamuƙin akuya ne busasshe, da haƙoransa, an huda shi an zura igiya. Duk wanda aka ji ya yi wani harshe ban da Faransanci, a cikin aji ko a fili, shi za a rataya wa a wuya. Ba ya rabuwa da shi sai ya kama wani. Wanda aka tashi yana wuyansa, shi ke da bulala, ko sharar aji ta mako guda. Saboda haka mai sambol ba ya wasa lokacin hutu. Yawo yake yi yana kasa kunne, yara na watsewa in sun hango shi, kamar kaji sun ga shirwa.

Ina CE2 ya faɗo kaina wata ranar Alhamis. Har aka kusa tashi ban kama kowa ba. Akwai wani yaro Bafillace da muke zama benci ɗaya, daga rugarsu yake takowa kullum, tafiyar kusan awa guda. Shi ne ke raba mini furarsa. Na lallaɓa bayansa na tsikare shi da tsinin biki a cinya. Ya zabura ya ce wani abu da Fillanci, kalma ɗaya tak. Na cire igiyar na rataya masa, na ɗaga hannu na ce da Mushe na kama. Ya sha bulala biyar. Bai yi kuka ba, kallona kawai yake yi. Bayan hutun damina bai dawo lakwal ba. Ba na cewa ni kaɗai na kore shi, akwai shanu, akwai nisa, akwai mahaifinsa da tun farko bai so ba. Amma ni na san abin da na yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai da na girma shi ne, a bangon wannan ajin, saman tablo, an rubuta kalmomi uku na taken ƙasarmu da alli mai launi: zumunci, aiki, ci gaba. Da Faransanci, ba shakka. Muna da darasin zama ɗan ƙasa nagari, muna haddace launukan tuta da ma'anarsu, da ranar 18 ga Disamba da ranar 3 ga Agusta. Mushe na koya mana zumunci da baki, sambol na koya mana leƙen asirin juna da aiki. Kowa ya san wanda ya fi shiga.

Da hutun damina na je gida, sai aka yi sunan ɗan wata yayata. Taubashina, ɗan gwaggona da aka aurar Nguru, ya zo. Malamin firamare ne can jihar Yobe. Mu mutanen kan iyaka haka muke, babu gidan da ba shi da dangi a Machina ko Nguru ko Gashuwa, kuma naira da sefa duk suna ci a kasuwanninmu. Mushe ma ya zo, ya tsufa, ya yi ritaya, yana dogara sanda. Bayan an ci an sha aka baje tabarmi ƙarƙashin bedi, ni ina dafa shayi. Taubashina, da yake bakinsa ba ya zama, ya ce, "Mushe, ashe kun dawo hanya, an ce kun jefar da yaren Nasara."

Mushe ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce shi shekara talatin da wani abu ya yi yana koyarwa, an kai shi ƙasar Zabarmawa, an kai shi arewa cikin Buzaye, an dawo da shi nan. Ya ce aikin mai koyarwa ɗaya ne: yaro ya tuɓe ƙabilarsa a bakin ƙofa yadda ake tuɓe takalmi, ya shigo a matsayin ɗan Nijar. "Faransanci baƙo ne ga kowa," in ji shi. "Ɗan sarki da ɗan makiyayi daidai suke shan wuyarsa. Yanzu ɗan Bahaushe zai zo da rabin karatunsa daga gida, ɗan Manga da ɗan Tubu su fara daga tushe. Wannan shi ne adalcin?" Al'ada kuwa, ya ce, ta gida ce. Uwa da kaka sun isa su koya ta, ba su bukatar gwamnati ta biya wani albashi a kai.

Na san inda wannan tunani ya fito, don mun karanta shi. A Faransa, dokokin Jules Ferry na 1881 da 1882 ne suka mai da firamare kyauta kuma tilas, suka fitar da darasin addini daga aji suka sa darasin ɗa'a da zama ɗan ƙasa a madadinsa. Malamin firamare ya zama kamar limamin jamhuriya. Shi kansa sambol ɗin ba don mu kaɗai aka yi shi ba. Yaran yankin Biretaniya na can Faransa, masu nasu harshen, an rataya musu takalmin katako a wuya in sun yi maganar gida. Abin da suka yi wa nasu suka kawo mana, mu kuma muka riƙe bayan sun tafi. Har yau malamin can yana ganin aji wuri ne da bai kamata a gane addinin yaro ko asalinsa ba, shi ya sa a 2004 suka hana ɗalibai sa kallabi da sauran alamun addini masu fitowa fili a makarantun gwamnati.

Ban raina maganar Mushe ba. Mutumin nan ya yi imani da abin da yake yi, kuma da gaske bai taɓa fifita ɗan wani kan ɗan wani ba. Sai dai ba gaskiya ba ne cewa Faransanci baƙo ne ga kowa daidai. Da na je kwaleji a Gure, daga nan lise a Damagaram, na tarar da ƴaƴan ma'aikata waɗanda da Faransanci ake yi musu faɗa a gida. Su ba su tuɓe komai a bakin ƙofa ba.

Taubashina ya karɓe. Ya ce su a can ba a ce wa yaro ya ajiye ƙabilarsa, ai ba ta ajiyuwa. A 1977 manufar ilimin ƙasarsu ta ce a fara koya wa yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a garin. Suna da darasin zaman jama'a, inda yaro ke koyon tufafin Yarbawa da abincin Ibo da bukukuwan Tibi. Akwai ranar al'adu, kowa ya zo da shigar gidansu. Kowace safiya yara na jeruwa su yi alkawarin biyayya ga ƙasa. Kuma akwai masu bautar ƙasa, shirin da Janar Gowon ya kafa a 1973 bayan yaƙin basasa, don ɗan kudu ya zo arewa, ɗan arewa ya je kudu. Ya ce a makarantarsu an taɓa kawo wata yarinya daga kudu, ba ta jin ko "sannu", kafin shekara ta cika tana ciniki a kasuwa har tana zolayar mahauta. A ganinsa ƙasa kamar gidan yawa ce, aikin malami shi ne ya koya wa ƴaƴan ɗakuna daban-daban yadda za su haƙura da juna.

Mushe ya ce, "To, da wane harshe kake koya musu al'adun nasu?"

Taubashina ya yi dariya, ya sosa ƙeya. Ya ce littafin da Ingilishi yake, jarrabawa ma haka. Shi yana karantawa da Ingilishi, ya fassara da Hausa, yaran Manga da na Bade su koma gida su yi nasu. Ma'anar "al'ada" ma haddace ta suke yi da Ingilishi, jimla guda, su zuba a takarda su ci maki. Ni kuma na tuna masa wani abu da shi da kansa ya taɓa ba ni labari: lokacin da ya nemi shiga kwalejin horon malamai, sai da ya kawo takardar shaidar cewa shi ɗan asalin ƙaramar hukumarsu ne. Zama ɗan Najeriya kawai bai isa ba. Wanda aka haifa a gari, aka haifi ubansa a garin, yana iya zama baƙo a takarda. Ya ce, "Kai bawana, shayi aka sa ka, ba shari'a ba."

Abin dariya ma, a kan waƙar ƙasa sai da suka yi ta. Mu a watan Yunin 2023 muka ajiye tsohon takenmu na 1961, wanda wani Bafaranshe, Maurice Thiriet, ya rubuta baitocinsa, muka ɗauki sabo, shi ma dai da Faransanci. Su kuma a watan Mayun 2024 suka koma wa tsohon nasu na lokacin samun ƴanci, wanda wata Baturiyar Ingila ta rubuta. Taubashina ya ce shi da ɗalibansa tare suka zauna suna haddacewa, don an ajiye shi tun kafin a haife shi.

Duk wannan gardama kawuna na gefe yana jan carbi. Malamin allo ne, ya yi gardancinsa a ƙasar Barno, almajiransa wasu daga nan, wasu daga ƙetaren iyaka. Na ce, "Allah gafarta Malam, ku ba ku sa baki ba." Ya ce shi bai gane abin da ake rabawa ba. Yaro ya san haƙƙin iyaye, da na maƙwabci, da na baƙo, ya san ba a cin amana, ba a tauye mudu. "In ya san wannan, a kai shi kowace ƙasa, mutumin kirki ne. In bai sani ba, ko ya haɗiye tuta ɓarawo ne." Ya ce shi bai taɓa tambayar almajiri takardar haihuwa ba, sunan ubansa da garinsu kawai yake tambaya. Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, almajiransa ta cikin daji suka riƙa zuwa ganin gida, kuma babu wanda ya ji a ransa cewa wata ƙasa ya shiga.

Maganar ta yi wa kowa daɗi, aka yi ta gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, amma da saura. Almajirin kawu zai girma da ladabi, wannan na shaida. Sai dai ranar da jandarma zai tsayar da shi a shinge ya ce ina katin ɗan ƙasa, ko ranar da za a yanke masa gona a ce ya kawo takarda, ladabi ba ya fitar da shi. Ba a koya masa cewa magajin garin da aka zaɓa yana da abin da zai amsa a gabansa ba, ko cewa harajin da ake karɓa a kasuwa yana da ikon tambayar inda ya shiga. Na yi shiru da wannan, don ba a gaban mutane ake yi wa kawu gyara ba.

Da dare na kwanta ina juya kalmomin, ciwon masu karatunmu ke nan. Abin da Mushe ke nufi da kalmarsa ta Faransanci mutum ne shi kaɗai tsaye gaban hukuma, da haƙƙinsa da wajibinsa, ba ruwan kowa da uwarsa ko ubansa. Mu kuma muka fassara ta da "ɗan ƙasa". Amma "ƙasa" a Hausa ita ce wadda ake takawa, ita ake nomawa, cikinta ake binne mutum, sannan ita ce ƙasar Damagaram ko ƙasar Muniyo, kafin ta zama Nijar. "Ɗa" kuwa haihuwa ce. Wato kalmar tamu da kanta tana tambayar wa ya haife ka, kuma a ina, tambayar da Mushe ke so a bari a bakin ƙofa. Kuma kishiyar ɗan ƙasa a bakin mutane "baƙo" ce. Kalmar da kakanninmu suka sani tsakaninsu da masu mulki ita ce "talaka", shi kuwa talaka biyayya aka san shi da ita. Haka "al'ada". Taubashina in ya ce al'ada, rawa da tufafi da abinci yake nufi, abin da za a iya nunawa a fili rana guda. Kawu in ya ji kalmar, tarbiyya yake ji, ko kuma bidi'ar da ya kamata a bari. Mutum uku sun yini suna gardama, kowa da abin da yake nufi.

Ba yau aka fara neman mafita ba. Abdou Moumouni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar hasken rana ne, amma tun 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara da harsunansu. A 1973, nan Damagaram, aka buɗe ajin gwaji na farko da ake koyarwa da Hausa, daga baya aka ƙara da Zabarmanci, Barbarci, Fillanci da Buzanci. Dokar ilimi ta 1998 ta yarda da harsunan gida a aji, ta 2001 kuma ta jera harsuna goma ta ce duk na ƙasa ne. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, kuma mafi yawan yaran karkara har yanzu da baƙon harshe ake tarbarsu ranar farko. Waɗanda suka karɓi mulki daga Turawa ma ai masu alli ne: Diori Hamani, Boubou Hama, Djibo Bakary, can kuma Tafawa Ɓalewa da Sardauna da Malam Aminu Kano. Diori har Faris ya je ya koya wa Faransawa Hausa da Zabarmanci. Ya dawo ya yi shekara goma sha huɗu yana mulkin ƙasar da yaranta ke shan duka in sun yi su a aji.

Abokina ɗan Maraɗi kullum Tanzaniya yake kawo mini misali. Gaskiya ne, Julius Nyerere, wanda mutanensa ke kira Malam da harshensu, ya mai da Swahili harshen koyarwa a firamare a 1967, a ƙasar da ke da harsuna sama da ɗari, kuma abin ya haɗa kansu. Amma Swahili harshen uwa ne ga mutane kaɗan na bakin teku, sauran duk koyonsa suka yi, babu babbar ƙabilar da za a ce ta ci riba. Hausa a Nijar harshen uwa ne ga fiye da rabin jama'a. Wannan shi ne ƙarfinta, kuma shi ne abin da ya sa ɗan Tilaberi ya juya fuskarsa bango. Ni ina son Hausa, da ita nake rubuta wannan, da ita nake mafarki wani lokaci. Ina ganin yaron Bune zai fi saurin gane lissafi da ita bisa ga Faransanci nesa ba kusa ba. Tsorona ɗaya ne: kada wani sabon mushe, mai kishin ƙasa kamar na da, ya samo wani muƙamuƙin ya rataya wa yarinyar da ta yi Mangaranci a ajin Hausa. Dokar 2001 ta kira harshen kakata harshen ƙasa. Sabon kundin ya sa shi cikin harsunan da ake magana da su. Wanda bai karanta ilimin harsuna ba ma ya ji bambancin.

Kwana uku kafin in koma Yamai na shiga kasuwa, wajen turken awaki. Wani dogon Bafillace da malafa ya riƙe mini hannu ya ƙi saki. Sai da ya yi murmushi na gane shi. Ya ce, "Babarbare, bawana, har yanzu kana tsikarar mutane?" Na rasa inda zan sa fuskata. Na fara cewa ya yafe mini, ya katse ni, ya ce tsakanin Fulani da Barebari babu yafiya sai dai tara, haka aka gada. Mutanen wurin suka yi ta dariya, ba su san kan zancen ba. Wannan wasan taubasantaka da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014, ba a taɓa koya mana shi a aji ba, ga shi shi ne ya fitar da ni kunyar shekara goma sha uku.

Muka koma gindin wata ƙaya muka zauna. Yana da ƴaƴa biyu. Ya ce bara an sauke shi daga mota a hanyar Damagaram don ba shi da kati, ya yini a rana, sai da ya ba da kuɗin da bai yi niyya ba. An miƙo masa takarda ya dangwala yatsa bai san abin da ke ciki ba. Tun ranar ya ƙudura babbar ƴarsa za ta shiga lakwal bana, ko dangi sun so ko sun ƙi. Ya ce ba ta jin Hausa sosai, Fillanci kawai, da ɗan Mangaranci na maƙwabta. Ya tambaye ni, tunda ni ne mai karatun, da wane harshe za a yi mata magana ranar farko, kuma ko har yanzu akwai ƙashin nan.

Na ce masa rabona da jin labarin ƙashin an daɗe. Ya dube ni irin kallon nan na ranar Alhamis, ya ce to, tarata ita ce kaye biyu da biki da allo na yarinya, kuma in zo da kaina in raka su ranar da za a rubuta sunanta, in yi wa mai koyarwar bayani da Nasarancin da na tsikare shi a kansa. Na sayi kayan a teburin wani ɗan Nguru, jika ɗaya da ɗari biyu, ya sa su cikin jakar fatarsa, ya ja akuyarsa da ba ta sayu ba ya nufi hanyar ruga.